Kan Keke Mai Furen Zinariya

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan a ƙasa. Na san da muryar tatsuniya kuka saba jina, amma abin da zan faɗa yau ya faru, kuma waɗanda ya faru da su wasunsu suna raye. Ke mai rubutawa, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana.

Wanda ya tayar da zancen Nasiru ne, ɗan 'yata Saude. Ya zo mana daga birni da kwali cike da tarkace, wai kwamfuta zai haɗa shi da 'yarsa Ummi, yarinyar da yanzu ta fara famfara. Na ce masha Allah. Sai na ga yarinyar ta koma gefe ta turo baki. Na tambaya, aka ce a shagon ta ga wani akwatin kwamfuta mai fitilu ja da kore ta ce shi take so, uban ya hana, ya sayo wani baƙi wuluk, wai fitila ba ta ƙara wa aiki komai. Na ce masa, to a cikin kayan nan duka, wanne ita ta zaɓa?

Ya yi dariya ya ce, "Haba tsohuwa, me ta sani? Kuma ai abin ba wuya, wannan ya shige cikin wannan ne kawai, kamar kekunan nan da kike ɗaurawa da."

Kamar kekunan da nake ɗaurawa! A gabana, a kan tabarmata, da bakin da kuɗin ɗinki ya ciyar. Na san wasan jika da kaka ne, amma wannan wasan ya sosa mini rai. To ku zauna ku ji.

Ni mai gyaran keken ɗinki ce. Ba tela ba, mai gyara. Daga nan Kiru zuwa Yako da Ba'awa, har Bebeji, har Tudun Wada, wani lokacin har Doguwa, in ka ce Iya Mai Keke, yaro zai nuna maka gidan da na shiga. Ban yi boko ba, ko baƙi ɗaya na rubutun da ke jikin keke ban taɓa karantawa ba. Da kunne da yatsa na yi aikina.

Sana'ar ta maigidana ce, Allah ya jiƙansa. Yana da rumfa a kasuwa, teloli maza suna kai masa. Amma yawancin kekunan ƙasar nan ba a kasuwa suke ba, suna ɗakunan mata, a gidajen da namiji baligi ba ya wuce zaure. Wata rana aka kira shi wani gida a Yako. Mai gidan ya yi tafiya, matar kuma ta ce ba za a fitar mata da keke daga ɗaki ba sai da izininsa. Haka maigidana ya zauna a zaure, yaro yana kai saƙo yana kawowa. Ya ce a tambaye ta yaya keken yake yi. Yaro ya dawo ya ce, "Ta ce yana yin ƙarr." Ya ce a tambaye ta daga sama ko daga ƙasa. Yaro ya dawo ya ce, "Ta ce daga ko'ina." Maigidana ya dawo gida ransa a ɓace, ya dire mini tasa a gaba cike da notuna da kananzir, ya ce, "Wanke."

Wanki na yi ta yi har damina ta zo ta wuce. Bai bar ni na taɓa sukundireba ba. In ya kwance keke, sai ya shimfiɗa farin tsumma, duk abin da ya cire ya ajiye shi bayan na gabansa, daga dama zuwa hagu, ni kuma in wanke in mayar da kowanne inda na ɗauke shi. In na saɓa layi, ba ya faɗa, sai ya tattara duka ya zuba a tasa ya ce in jera daga farko. Bayan wanki sai sauraro. Ya sa in rufe ido, ya juya wili, ya ce in faɗi inda ciwon yake. Keke mai lafiya yana da murya ɗaya, ba ta hawa ba ta sauka. In ka ji yana tari, shatil ne, ɗan ƙarfen nan na ƙasa mai baki kamar ƙugiya da ke kamo zaren sama ya sarƙa shi da na ƙasa. In ka ji yana gurnani, ƙishirwar mai ce. In shiru yake amma yadi ba ya tafiya, haƙoran da ke jan yadin ne suka cinye.

Kayan aikina ba su da yawa, a ƙunshi ɗaya nake ɗaure su: sukundireba babba da ƙarama, filaya, ɗan magagari, kwalbar man keke, gwangwanin kananzir, farin tsumma, da gashin kaza na share ƙura daga lungun da yatsa ba ya kaiwa. Shi ke nan. Amma ku ɗauki ƙunshin nan ku shiga ɗakin matar da ta karɓi ɗinkin sallar yaran unguwa, keke ya tsaya mata ana jibi salla, tana tsaye a kanku da rashin barci a idonta, mu ga ko abin wannan ya shige cikin wannan ne.

Akwai wata mata a Bebeji, mai tsafta, mai kirki, ta kira ni ta ce kekenta ya ƙi juyawa, kuma wallahi ba ta taɓa barinsa da ƙishirwa ba. Na buɗe ƙasa na sa hanci. Ƙuli-ƙuli na ji. Na ce, "Baiwar Allah, wane mai kike zuba masa?" Ta ce, "Wanda nake ci mana, mai kyau, na gida, ba na kasuwa ba." Man gyaɗa! In ya kwana biyu a jikin ƙarfe sai ya zama danƙo, ya haɗu da ƙurar zare ya kama komai ƙam. Wuni na yi ina jiƙa shi da kananzir. Ita kuwa har na tafi tana ganin na raina mata mai. A wata ruga kusa da Doguwa kuma man shanu na tarar, tururuwa sun yi gida a cikin keken har da ƙwai. Mai keken ta ce ai abin da ya gyara fatar mutum ba zai ɓata ƙarfe ba. Ban yi mata faɗa ba, don ita aƙalla ɗinki take yi da nata.

Waɗanda suke tayar mini da rai su ne kekunan ɗakin amare. A zamanin nan in ana son a ce an yi wa yarinya kaya, sai an ga keke a kusurwar ɗakinta ranar jere. A kawo shi sabo fil, mata su shigo su gani su yi guɗa, sannan a ɗinka masa riga a rufe, a jera kwanuka a kansa. Ko allura ba a sa masa. Damina ta bi damina, laima ta shiga, tsatsa ta cinye cikinsa, waje kuwa yana ƙyalli. Na sha ɗaga rigar irin waɗannan in ga keken da bai taɓa ɗinka ko taku ɗaya ba ya mutu a tsaye.

Sai mummunar shekara ta zo. Ruwan sama ya ɗauke, dawa tana da ciki, gero ya bushe a tsaye. Wanda bai ci ba ba ya ɗinki. Sallar shekarar nan yara da tsofaffin kaya suka yi ta. Mata suka riƙa fitar da kekuna suna sayarwa a kan abin da bai kai ya kawo ba, don a sayi hatsi. A cikin wannan halin maigidana ya kwanta, bai tashi ba. Bayansa kuma sai kayan gyara suka ɓace daga kasuwa. Abin da da za ka aika direba ya sayo maka a birni, yanzu ko babu, ko kuɗinsa ya kusa na keken gaba ɗaya.

Aka kwaso mini matattun kekunan da ke rumfarsa aka zube a ƙofar ɗakina. Gidanmu babban gida ne, wan maigidana shi ne babba, yara suna ce masa Baffa. Ya zo ya dubi tulin ƙarafan ya ce, "Wannan tarkacen ki san inda za ki kai shi, kunamai zai tara mana." Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta. Ban zubar ba. Na tura su ƙarƙashin gado. Da su na riƙe sana'ar: in cire daga matacce in sa wa mai sauran numfashi.

Saude ita ce autata. A lokacin ba ta fi Ummi da yawa ba. Duk gidan da zan shiga tana biye da ni, tana tsugune a gefen tsumma tana kallo. Wata rana muna dawowa daga Ba'awa a ƙasa, sai ta ce, "Iya, kekunan mutane kike ta tayarwa. Ni ina nawa?"

Na ce, "Naki yana ƙarƙashin gado, sai dai a warwatse yake."

Da aka yi kaka, na janyo kawunan keke biyu na ajiye mata a tsakar ɗaki. Duk sauran sun tsage ko sun karkace, waɗannan biyun ne ƙashinsu lafiya. Ɗaya ruwan toka ne, tsoho, fentinsa duk ya ɓare kamar jikin mai ƙyasfi, amma sandar cikinsa tana juyawa kamar an shafa mata mai yanzu. Ɗayan baƙi ne siɗik, da furanni ruwan zinariya tun daga wuya har gindi. Daga ɗakin wata amarya ya fito a shekarar yunwa, tsatsa ta riƙe shi, kuma ɗan abin da ya rage mai amfani a cikinsa na riga na cire na sa wa wasu.

Na ce, "Zaɓi."

Ko kallon mai ruwan tokar ba ta yi ba. Ta rungume mai furen.

Na ce, "Wannan ya fi wahala. Wancan ki ba shi shatil da allura ya tashi. Wannan sai mun jiƙa shi, mun kankare shi, mun nemo masa komai."

Ta ce, "Shi nake so."

Na bar mata. Nasiru, ka ji ko? Na san wanda ya fi, na faɗa mata gaskiya, sannan na bar mata. Don yaro ba ya zama ya wanke notuna a kananzir saboda abin da uwarsa take so. Saboda furen nan yarinyar nan ta yi ta zama da gashin kaza da tsumma, hannunta yana warin kananzir har tuwo ba ya ciyuwa, har ranar da wilin ya saki ya juya.

Daga nan kowane ƙarfe da zai shiga cikinsa, sai ya bi ta hannunta. Shatil guda uku na zuba mata a faranti, na ce ta shafa bakin kowanne da babban yatsa. Ta ce wannan yana yakushi. Na ce haka zai riƙa yakushin zare yana tsinka shi. Ta ce wannan kuma bakinsa ya dakushe. Na ce to ba zai kamo zaren ba, ɗinki zai riƙa tsallake. Ta ɗauki na ukun, wanda ya fi duka muni a ido. Haƙora kuwa a tafin hannunta na sa ta danna, ta zaɓi wanda ya bar mata shaida. Da ta zaɓi sandar allura mai ɗan lanƙwasa don ta fi haske, na bar ta. Muka ɗaura, allura ta karye, muka sake, ta sake karyewa. Ita da kanta ta cire sandar ta mirgina ta a kan faranti, ta ga tana rawa, ta mayar da ita cikin tarkace ba tare da ta dube ni ba.

Akwai wata 'yar waya mai lanƙwasa da ke riƙe zaren sama kada ya saki. Ba ta kai tsinken sakace ba, amma in babu ita babu ɗinki. Na duba duk matattuna, babu mai rai. Sai da muka hau a-kori-kura zuwa Tudun Wada ranar kasuwa, wurin wani tsohon tela da ya san maigidana. Ya zazzage mana gwangwaninsa a kan buhu. Ya ce da ni, "Wa ake wa keke?" Na nuna ta. Ya ce, "Wannan 'yar tsurut? Ai ƙafarta ba za ta kai feda ba." Saude ta ce, "Da hannu zan juya, Baba." Ya yi dariya har hularsa ta zame, ya ce ta zaɓa da kanta. Ta riƙa ɗauka tana lanƙwasawa tana saki, har ta sami wadda take komawa da ƙarfi.

Gaskiya ya faɗa, ƙafarta ba ta kai ba. Shi ya sa muka nemi abin juyawa da hannu. A kasuwar Kwanar Dangora muka same shi, mariƙinsa ya karye, masassaƙin turmi ya fere mana wani daidai tafin hannunta. Kafinta ya yi mana ɗan akwatin zama da katakon tsohon ƙyaure. Muka fara da kaka, sai da zafin bazara ya shigo sannan aka gama. Ranar da ta juya shi a kan ƙyallen tsohon zanena, ɗinkin ya fito sama da ƙasa iri ɗaya. Ta ɗaga ƙyallen ta ja da dukkan ƙarfinta, bai saki ba.

Matan gida suka taru kallo. A cikinsu akwai Yaya Abu, matar Baffa. Ita ba ɗinkin ta duba ba. Furen ta riƙa shafawa tana cewa, "Ikon Allah, kamar daga kanti."

Bikin 'yarsu Talatu ya matso, Bebeji za a kai ta, gidan da duk matar da aka kai da keke ta shiga. Sabon keke kuwa a shekarun nan ya fi ƙarfin manomi. Washegari Baffa ya aiko a kira ni zaure. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Keken nan da kika tayar, za a sa a ɗakin Talatu."

Na ce, "Yaya, na Saude ne."

Ya ce, "Saude nawa take? In ta girma a yi mata wani. Ai kayan ƙanina ne, kuma ba a raba ba. Gida ɗaya ne, mutuncin ɗaya ne."

Na ce, "Yaya, ka gafarce ni. Kayan nan ne ka ce za su tara kunamai."

Ya ce, "Da tarkace ne, yanzu keke ne."

Ku ji fa! Yana ƙarƙashin gado tsatsa tana cinsa, ba na ƙaninsa ba ne. Da yarinya ta kankare shi da farcenta, ya zama gado. Na ce Talatu ko maɓalli ba ta taɓa ɗorawa ba. Ya ce ba tambayata ya yi ba, kafin ranar jere yana son ganinsa a sashensa. Ba zan zalunce shi ba, ya riga mu gidan gaskiya: a shekarar yunwa daga rumbunsa 'ya'yana suka ci, bai taɓa gori ba. Matar da ke zaune a gidan mutum da marayu, ba ta kai shi ƙara a kan keke. Na tashi na koma ciki.

Na tarar da Saude tana ɗinka wa 'yar tsanarta fatari. Ban ɓoye mata ba, na faɗa mata yadda aka yi. Na zaci za ta fasa kuka gida ya taru. Ba ta yi ba. Ta tsayar da wili da hannu ta ce, "Yaya Talatu za ta yi ɗinki da shi?"

Na ce, "A'a. Rufe shi za a yi a jera masa kwanuka."

Ta ce, "To shatil ɗina zai yi tsatsa."

Na ce, "Zai yi."

Ta dubi furen. Can sai ta kwanta rub da ciki ta shige ƙarƙashin gado. Na ji ƙarar jan ƙarfe. Ta fito kanta duk yanar gizo, tana jan kan nan mai ruwan toka da ta ƙi kallo da kaka. Ta ce, "Iya, ramukan wannan ɗaya ne da na wancan?"

Na ce, "Ɗaya ne."

Ta ce, "To su ɗauki furen."

Wallahi ban sa mata maganar a baki ba. Ni kaina tunanin bai zo mini ba, ɓacin rai ya rufe mini ido.

Ban yi abin a ɓoye ba. Na koma zaure na ce, "Yaya, kan keken na ƙaninka ne, ga shi nan za a ba ku. Akwai tsohuwar ƙafa da tebur a cikin kayansa, zan wanke in shafa fenti in ɗora shi a kai. Amma abin da ke cikinsa ni da yarinya muka bi kasuwanni muka tsinto, shi za mu cire."

Ya ce, "In an cire, za a gane?"

Na ce, "Mai kallo ba zai gane ba."

Ya ce, "Wilin zai juya?"

Na ce, "Zai juya, amma ba zai ɗinka komai ba."

Sai muryar Yaya Abu daga bayan ƙofa: "Yo wa zai yi ɗinki ranar jere?"

Baffa ya ce shi ke nan, hakan ma ya yi. Wannan saurin yardar shi ne abin da har yau in na tuna nake jin zafi. Da sun yi gardama, da na ce keke suke so. Ashe duk wahalar yarinyar nan, da tafiyar Tudun Wada, da allurai da suka karye, ba sa cikin lissafin kowa. Fenti za su karɓe wa marainiya.

Da hantsi, a tsakar gida, mata suna dakan biki, na shimfiɗa farin tsumma na miƙa wa Saude ƙaramar sukundireba. Ita ta kwance. Ta cire abin juyawa, ta cire sandar allura, ta cire 'yar wayar Tudun Wada, ta cire haƙora, ta cire shatil, tana jera su daga dama zuwa hagu yadda ubanta ya koya mini. Noti biyu kawai na sassauta mata don sun fi ƙarfin hannunta. Masu daka suna tsokanarta, wata ta ce, "Saude, ke kuma ranar naki bikin da sifana za a kai ki?" Ba ta ɗago ba. Da ta gama, ta ɗiga mai a tsumma ta goge furannin ɗaya bayan ɗaya har suka ɗauki ido, sannan ta ce mini, "A zo a ɗauka."

Kafin la'asar cikin ya koma jikin mai ruwan toka. Wuri ɗaya ya ƙi zama, inda abin juyawa yake kamawa, na goga masa magagari ya zauna. Ta juya. Muryarsa ta fi ta wancan daɗi, tsohon ƙarfe ne na gaske. Ban faɗa mata ba, ita ma ta ji.

Ana gobe jere sai ga Yaya Abu a ƙofar ɗakina da ɗan yankin leshi a hannu, tana murmushi kamar ba abin da ya faru. Ta ce, "Iya Mai Keke, an manta ba a yi wa keken amarya riga ba, telan kasuwa kuma aiki ya yi masa yawa. Ko za ki taimaka?"

Na buɗe baki zan faɗi abin da da na faɗa, da ba mu ƙara gaisawa ba. Saude ta riga ni. Ta miƙa hannu ta ce, "Kawo, Goggo." Ba ta je ta auna ba, ta san tsawonsa da faɗinsa da hannunta. Na yanka mata, ta ɗinka a kan mummunan kekenta. Da rigar nan aka rufe furen a Bebeji, bayan mata sun gani sun yi guɗa.

An daɗe bayan nan gyara ya kai ni unguwar su Talatu, na shiga mu gaisa. Na sauke kwanukan na ɗaga leshin. Furannin suna nan kamar ranar da Saude ta goge su. Na mayar na rufe.

Mai ruwan tokar kuwa, kun san shi. Shi ne wanda ke ɗakin uwarka, Nasiru, wanda kuke cewa a ba masu gwangwan. Da ƙafarta ta kai, muka ɗora shi a kan tebur. Da shi ta yi ɗinkin unguwa tun tana budurwa, da shi ta tafi ɗakinta, ba a taɓa jera masa kwano ba. Kayan makarantar da ka fara sawa a kansa aka ɗinka. Kuma ka lura da uwarka a kasuwa: in ta ga baƙin zane mai furen zinariya, ba ta wuce shi. Ba ta taɓa faɗin dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Ni ban san cikin kwamfuta ba, ba kuma zan ce na sani ba. Wataƙila gaskiyarka ce, fitila ba ta ƙara wa aiki komai. Furen ma bai ɗinka ko taku ɗaya ba. Amma ka tashi ka mayar da baƙin akwatin nan, ka tafi da yarinya ta nuna mai fitilunta da yatsanta. Sauran kayan kuma ka zube mata su a faranti, ka gaya mata aikin kowanne, ka bar ta ta taɓa.

Ummi, zo nan. Buɗe ƙunshin nan, a hankali, kullin ya tsufa. Ba babbar sukundireba ba, ƙaramar, mai mariƙin da ya sha hannu. Ita ce kakarki ta riƙe. Ki tafi da ita. In ubanki ya ce kawo in ɗaura miki, ki ce masa Iya ta ce noti biyu kawai aka yarda ya sassauta.